Ciwon Da Tuwo Yake Kwantarwa

Mijina bai iya zaman gidan wani ba, kuma ban taɓa zaton zai buƙaci koyonsa ba sai da ruwa ya tashe mu. Ƙauyenmu yana bakin gulbi ne a ƙasar Maradun. Muna da fadama, yana shuka albasa da dankali da rani, gero da dawa da damina, ba mu taɓa cin hatsin aro ba. Da aka datse gulbi a Bakolori sai ruwa ya fara hawa, a hankali yake zuwa amma ba ya komawa. Ya shanye fadamar, ya shanye gonakin da ke kusa, ya shigo har cikin ɗakuna. Aka kwashe mutanenmu zuwa wani fako mai tsakuwa aka ce nan ne sabon gari. Damina ɗaya muka yi a can, abin da muka girbe ko kaka bai fitar da mu ba.

Sai mahaifina ya aiko daga Bakura cewa mu zo mu zauna wurinsa kafin mu sami gindin zama. Mutane suka yi ta yaba masa, ni ma na ji daɗi, don ina goyon 'yarmu kuma nono ya fara janyewa. Mijina ne kawai bai yi murna ba. Ya ɗaure kayanmu a kan jaki, muka kama hanya, tun daga fako har Bakura bai haɗa ido da ni ba.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san suruki ba ya cin abinci inda surukansa za su gan shi. Idan ya zo gaisuwa zai tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. In an kai masa akushi a ɗaki zai taɓa gefen tuwon ne kawai ya rufe, don cinyewa abin kunya ne da za a yi ta faɗi har jikoki. Wannan al'ada ta baƙon yini ɗaya ce, wanda zai koma gidansa da yamma ya cika cikinsa. Ba wanda ya taɓa tunanin yadda za ta kasance ga wanda ya zo da tabarmarsa da butarsa, kuma a gidanmu ba wanda ya ga dalilin sassauta ta.

Aka ba mu ɗaki kusa da zaure, inda duk mai shiga da fita sai ya wuce ta ƙofarmu. Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ke rabon tuwo, ita ke karɓar akushi in an dawo da shi. Ba ta ajiye akushin mijina sai ta ɗaga faifai ta leƙa. In ya ci kaɗan sai ta ce Allah ya yi masa albarka, ɗan mutunci ne. Ranar da ya ɗan zurfafa hannu kuwa sai ta kira matar ƙanena ta nuna mata, ta taɓe baki. Ta cikin zana yake jin duk wannan. Bai daɗe ba ya koyi yin loma uku ko huɗu ya janye hannu, ya ce mini ya ƙoshi.

Ya sami aikin lebura wurin masu shimfiɗa hanyoyin ruwa zuwa gonaki, yana ɗaukar kankare a kwanon sarki tun safe har la'asar. Abin da yake samu mafi yawa fako yake aikawa, wurin tsohuwarsa da ƙannensa. Da goro yake karya kumallo. A bakin aikin akwai masu tebur da ke sayar da wata farar ƙwaya ta ciwon jiki, leburori suna watsa ta biyu biyu su bi da ruwa, su ce tana kwance gaɓoɓi. Shi ma ya shiga sahunsu, kullum sai ya sha, kuma cikinsa wayam.

Da ƙwannafi abin ya fara, da gyatsa mai tsami. Daga baya ya zama zafi a ƙahon zuci, wuri ɗaya tak, har yakan ɗora yatsa ya ce mini nan ne, kamar an ajiye garwashi. Ciwon yana da lokutansa. Yakan zo da hantsi, ya dawo da la'asar sakaliya, ya kuma tashe shi kafin kiran sallar asuba. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, da ya sa wani abu a bakinsa, ko da ɗan dunƙulen dawo ne, sai zafin ya kwanta kamar ba a yi ba. Yakan yi makonni lafiya lau har mu ce ya tafi, sai kuma ya dawo ya fi na da.

Na faɗa wa Gwaggo don ta riƙa bar mini ɗan ɗumame in ajiye masa a ɗaki. Kafin azahar labari ya isa zaure.

Ina da ƙane, ba yaro ba ne, da gemunsa da matarsa da 'ya'yansa. Ƙanen mata abokin wasan miji ne, yana da izinin faɗa masa duk abin da ya ga dama, kuma in mijin ya yi fushi shi ne za a ce ba shi da tarbiyya. Ƙanena ya san wannan sarai, ya kuma ci moriyarsa har ƙarshe. Da yamma mijina ya dawo daga aiki, siminti ya yi masa fari fat, ya tarar da majalisa ta cika a ƙofar gida.

"Sannu da aiki, mai ciwo," in ji ƙanena. "Ciwon mi na wanga da tuwo ka kwantarwa? Mu nan Bakura yunwa mu ka ce mashi."

Majalisa ta kwashe da dariya. Mijina ma ya yi dariya, don dole ne ya yi. Ina tsaye a bayan zana ina kallon haƙoransa a waje da hannunsa dafe da ƙirji. Daga ranar sunansa ya koma Mai Ciwon Tuwo. Yara suka ɗauka, mata suka ɗauka, har mai kawo mana nono daga ruga tana tambayata ya jikin Mai Ciwon Tuwo, ita a zatonta sunansa ke nan.

Wata ranar kasuwar Mafara na matsa masa muka je asibiti. Malamin asibitin ya kwantar da shi, ya danna nan ya danna can, ya yi masa tambayoyi kan lokacin da ciwon ke zuwa da abin da ke kwantar da shi. Ya ce gyambon ciki ne, wanda 'yan boko ke kira olsa. Ya ce ciki yana da wani ruwa mai tsami da yake narkar da abinci, kuma Allah ya yi wa bangon cikin wani majina majina da ke kare shi. In wannan kariyar ta lalace sai ruwan ya fara cin naman. Na wasu a cikin tumbi yake, su abinci ne ke tayar musu da shi, shi ya sa suke tsoron ci. Na mijina kuwa a bakin hanji yake, inda tumbi ke zubarwa, shi ya sa yunwa ke tayar da shi abinci ya lafar da shi. Ya ce farar ƙwayar nan ita ce babbar abokiyar gabarsa, ya bar ta, ya bar goro da barkono, ya riƙa ci kaɗan kaɗan kada ya bar cikinsa ya wofinta. Ya ba mu wani farin magani mai kauri a kwalba. Da za mu fita ya kira ni ni kaɗai ya ce in na ga bayan gidansa ya yi baƙi in kawo shi da gudu, don jini ne.

Jikata da ke aikin jinya yanzu ta ce mini likitoci sun gano wata ƙwayar cuta ce ke zama a ciki tana lalata kariyar, ita da irin wancan maganin ciwon jiki, kuma yau da ƙwayoyi na 'yan makonni ake kashe ta. Ta ce yunwa ba ta haddasa gyambo, tayar da shi kawai take yi. Na ce mata na ji, ban musa ba. Amma ita a littafi ta ga cutar, ni kuwa na ga gidan da cutar ta zauna ta yi ƙiba.

Da muka dawo na faɗa wa mutanen gida abin da malamin ya ce, ina zaton maganar asibiti za ta rufe musu baki. Ƙanena ya ce shi ma a taimaka a kai shi wurin wannan likita mai rubuta wa mutane tuwo. Gwaggo ta ce tun da take ba ta taɓa jin cutar da ke zaɓar gidan da rumbu yake cike ba. Mahaifina yana jinsu. Mutum ne mai yawan tasbihi da ƙarancin magana, kuma kalma ɗaya daga bakinsa da ta isa. Bai faɗe ta ba.

Aikin hanyar ruwa ya wuce gaba da yankinmu, aka sallami leburori, mijina ya koma ƙwadago a gonakin mutane. Ƙwayar ya rage ta amma bai bari ba, don ya ce in bai sha ba bayansa ba ya miƙewa. Wata rana na tafi suna a maƙwabta, ya dawo da azahar ciwon ya kama shi tun a hanya. Ya shiga ɗaki bai sami komai ba. A gindin rumbu akwai ƙwaryar gumba da Gwaggo ta rufe ta shiga salla. Ya ɗebi cikin hannu ɗaya, ya zagaya bayan rumbun ya tsuguna.

Ƙanena ya gan shi. Da ya yi masa tsiya a nan take su biyu, da abin ya tsaya wasa. Sai ya lallaɓa ya yafito matarsa, ya yafito yara, ya yafito samarin da ke zaure, suka zagaye rumbun ba motsi, sannan ya tafa hannu. Na shigo daidai lokacin. Mijina yana tsugune, bakinsa cike, gumba a gemunsa, ya kasa haɗiyewa ya kasa tofarwa. Ana cikin shewa mahaifina ya fito da buta a hannu, ya dube shi, ya kawar da kai ya wuce. Wannan kawar da kan ya fi shewar ciwo.

Mijina ya miƙe, ya juya baya ya tofar da abin da ke bakinsa, ya goge gemu. Sannan ya ce:

"Wallahi tallahi, ba ni ƙara sa ƙwarar hatsin gidan ga bakina."

Ƙanena ya ce haba, wasa ne fa. Gwaggo ta ɗauki ƙwaryarta ta leƙa ta ga iya abin da aka ɗiba.

Ya riƙe rantsuwarsa. Abincinsa ya koma furar da ake kai wa 'yan ƙwadago a gona, da ɗan rogo in ya samu. Ranar da ba aiki ba ci. Na shiga yi wa maƙwabta surfe da daka ana ba ni ɗan tsaba, in dafa masa daban a murhun da na haɗa a bayan ɗaki, amma abin bai taka kara ya karya ba, kuma ba kullum ake samu ba. Maganin kwalba ya ƙare, ya koma lasar kanwa. Takan lafar masa na ɗan lokaci, ya yi ta gyatsa, sai zafin ya dawo. Na yi masa kuka, na yi masa faɗa, na ce masa girman kai ne ba kunya ba. Na ji haushinsa a lokacin, kuma har yau in na tuna ina ji. Akushin gidan kuwa ba a fasa kawowa ba, don kada a ce an hana suruki abinci. Kullum ya zo a rufe ya koma a rufe, Gwaggo ta juye wa yara.

Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tafin hannunsa ya yi fari, in ya miƙe sai jiri ya ɗebe shi, ɗan tafiya kaɗan sai haki. Wata safiya ya dawo daga bayan gari ya zauna, da ƙyar ya iya faɗa mini cewa abin da ya fita baƙi ne ƙirin kamar kwalta, da wani irin wari. Na tattara shi muka koma Mafara. Suka riƙe shi 'yan kwanaki, suka ƙara masa ruwa, yana shan koko da kunun da nake saya a bakin asibiti, har fuskarsa ta fara dawowa. A can yana ci ba ya waiwaye. Da aka sallame shi aka sake ja masa kunne kan barin ciki wofi, muka hau mota muka koma gidan da ya rantse ba zai ci ba.

Na je wurin matar liman na roƙe ta ta kai maganar gaba. Liman ya kira mijina ya ce masa rantsuwa irin wannan ba a riƙe ta, kaffara ake yi a wuce wurin. Mutum ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, wanda ba shi da hali ya yi azumi uku. Ya kuma ce masa tun da ba shi da lafiya ya fara cin abincinsa yanzu, azumin ya jira sai ya warke. Mijina ya ji komai ban da wannan na ƙarshe. Ya ce mini ya yarda zai ci, don ni da yarinya, amma sai ya sauke kaffara tukuna, ba zai kai loma baki da rantsuwa a wuyansa ba a sake samun abin faɗi.

Azumi ga mai irin cikinsa ai ba sai an faɗa mini ba. Saboda haka na je na durƙusa gaban mahaifina a turakarsa, ƙanena yana gefe yana gyaran fitila.

"Baba, hatsin mutum goma ɗai nika roƙo. In an ciyar da su shi kenan, ba sai ya yi azumin ba."

Kafin mahaifina ya buɗe baki ƙanena ya riga shi.

"Yaya, ki ji abin da kika hwaɗi kuwa? Mu ciyar da shi, mu kuma ciyar da mutum goma don shi yarda shi ci namu?"

Mahaifina ya yi murmushi. Ban taɓa mantawa da wannan murmushin ba. Ya ja tasbaharsa ya ce in tashi, za a duba. Na jira kwana da kwanaki ba a duba ba. Da na tuntuɓi Gwaggo ta ce hatsin bana a lissafe yake, kuma wanda ya ɗaure kansa shi ya san inda ƙullin yake.

Mijina ya ɗauki azumi. Da ruwa da kanwa ya yi sahur. Ranar farko ya wuni a kwance, ya buɗe baki da rogon da na samo. Rana ta biyu ya yi amai da hantsi, wani abu baƙi baƙi mai tsaki tsaki, na ce ya karya, ya ce saura ƙiris. Rana ta uku na tashi da farin ciki, abin da na daɗe ban yi ba. Na karɓi gero a hannun Gwaggo a gaban kowa, na surfa, na daka, na dama kunu mai laushi, na tuƙa tuwo ruwa ruwa da miyar kuka ba yaji. Tun la'asar na gama na rufe, ina ta leƙen rana.

Yana zaune a inuwar ɗaki yana tufkar igiya sai na ji ya yi wani sauti guda ɗaya, ba ihu ba ne, kamar an naushe shi. Na fito na same shi a dunƙule, gumi yana zuba, ya ce wani abu ya tsage a ciki, zafin har kafaɗarsa. Na taɓa cikin na ji shi da tauri kamar dutsen niƙa. Ko numfashi a ɗan sama sama yake yi, ba ya son a motsa shi. Na kawo ruwa na kai bakinsa, ya kawar da kai, ya tambaye ni ko rana ta faɗi. Ba ta faɗi ba, ko ja ba ta fara yi ba.

Aka tare wata tifa a bakin titi aka ɗora shi a kan tabarma. A Mafara suka ce gyambon ne ya huda, abin da ke cikin hanji ya zuba inda bai kamata ba, sai an kai shi Sakkwato an yi masa aiki. Suka yi abin da za su iya, aka samo mota. Ba mu yi nisa ba aka fara kiran magariba a wani ƙauye da muka ratsa. Na ɗiga masa ruwa a leɓe na ce ya sha, azumi ya cika. Ban sani ba ko ya ji ni. Direban ya tsaya a gefen hanya, ya duba shi, ya juya kan motar zuwa Bakura.

Ranar sadakar uku mahaifina ya sa aka buɗe rumbu. Tun safe ake daka, aka ɗora manyan tukwane, aka yi gumba ƙwarya ƙwarya, aka yanka akuya. Mutane suka zo har daga ƙauyen Damri, 'yan uwan mijina suka zo daga fako a ƙafa, mabarata suka yi layi a ƙofar gida. Ban ƙirga waɗanda suka ci ba, amma sun wuce goma nesa ba kusa ba. Ni ina ɗakin nan na kusa da zaure, na fara takaba, duk abin da ake faɗi yana shigo mini ta zana. Da aka shafa fatiha sai na ji mahaifina ya yi gyaran murya, shi da ba ya magana a taro.

"Jama'a, ni dai shaida guda gare ni bisa yaron ga. Ban taɓa ganin suruki mai kunya irin tashi ba. Har Allah yak karɓi abinai, akushin gidan ga bai taɓa komowa wofi daga hannunai ba."

Zaure ya ɗauka da Allah ya ji ƙansa, ɗan mutunci ne, irinsu sun ƙare. Can daga ƙofar gida na ji muryar ƙanena yana kiran matarsa ta ƙaro miya, tuwon ya yi saura.